Mijin Da Ba Shi Da Tabo: Tarken Wata Tatsuniyar Kende

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na adabin baka ya ba mu aiki, ya ce kowa in ya je hutu ya ɗauko tatsuniya ɗaya daga bakin tsofaffin garinsu, ya rubuta ta yadda aka faɗa masa, sa'an nan ya fito da jigonta. Ni mutumin Kende ne, ta ƙasar Bagudo a Jihar Kebbi, can wajen iyakarmu da Jamhuriyar Benin, inda gulbin da ya gangaro daga Sakkwato da Argungu yake ƙarasa tafiyarsa kafin ya faɗa Kwara. Na je gida, na zauna gaban kakata, na ɗauko tatsuniya, na kuma rubuta jigonta cikin layi ɗaya kamar yadda muka saba, watau biyayya ga iyaye da illar ruwan ido. Na ci maki mai kyau. To, amma tun ran da aka mayar mini da takardata zuciyata ba ta kwanta ba, domin na san na tauye tatsuniyar, na kuma tauye tsohuwar da ta ba ni ita. Wannan ɗan rubutu nawa biyan bashi ne, ina kuma roƙon 'yan'uwa ɗalibai su yi mini haƙuri in na taka wa wani sawu.

Ga tatsuniyar a taƙaice. Wata budurwa ce kyakkyawa ta rantse ba ta auren kowa sai namijin da ba shi da tabo ko ɗaya a jikinsa. Samari suka yi ta zuwa, manoma da masunta da 'ya'yan sarauta. Tana da wata ƙanwa mai rikiɗa ƙuda, duk saurayin da ya zo zance sai ƙanwar ta shige cikin rigarsa ta dubo. Wannan lauje ya taɓa yankarsa, wancan ƙugiya ta taɓa kama masa yatsa, wancan kuwa miki ne ya warke masa a ƙwauri. Duk ta kore su. Kada yana cikin gulbi ya ji labari. Sai ya fito ya ari santsin jiki wurin kuka, ya ari tsawo wurin giginya, ya ari farin haƙori wurin auduga, ya sami mai babbar riga ya ara, ya nufi gidan su yarinya. Ƙuda ya shiga ya fita, babu tabo. Ƙanwar ta ce, Yaya, jikin mutumin nan sanyi gare shi kamar randa. Yayar ta kai mata mari.

Aka ɗaura aure, ango ya ce ba ya bukatar 'yan rakiya. Suka kama hanya, ƙanwa tana biye, ana korarta tana dawowa. Da suka iso wurin mai riga, ango ya tuɓe ya mayar. Suka iso gonar auduga ya mayar da haƙora. Suka iso giginya ya mayar da tsawo, sai ga shi yana rarrafe. Suka iso gindin kuka ya mayar da santsi. Ko da suka kai bakin gulbi, kada ne sosai ke jan hannun amarya. Ya kai ta wani kogo a ƙarƙashin gaɓa, ya tafi gayyato danginsa walima. Ƙanwar ce ta tashi ta nemo wani Basarke mai jirgi, suka fito da ita, kada ya biyo su, ya kai cafka ya yage mata dunduniya. Ta koma gida tana ɗingishi, ta auri saurayin farko da ta kora. Ƙurunƙus.

Ba mu kaɗai ke da wannan tatsuniya ba. A waɗansu garuruwan Hausa angon maciji ne, a waɗansu kura ko dodo, mu da ke bakin ruwa muka mai da shi kada. Ta ma wuce ƙasar Hausa nesa. Wanda ya karanta littafin nan na Amos Tutuola na mashayin bammi, wanda ya fito da Turanci a 1952, zai tuna da cikakken saurayin da ya yi ta mayar da gaɓoɓin aro har ya rage ƙoƙon kai kaɗai. Ko'ina kuwa fassarar da ake yi mata ɗaya ce: yarinya ta karɓi wanda iyaye suka ba ta, ta kuma karɓa da wuri, kada dogon zaɓe ya kai ta bakin dodo. Ban ce wannan fassara ƙarya ce ba. Tana nan a saman tatsuniyar kamar maiƙo a kan miya, shi ya sa kowa ke fara yaɗo ta. Abin da na ce shi ne mun tsaya a maiƙon.

Tambayar farko da ya kamata in yi wa kaina ita ce, mene ne tabo ga mutumin Kende? Don kuwa kalmar da tatsuniyar ta rataya a kanta ke nan.

Marigayi kakana yana da tabo a cinyarsa ta hagu, daga kusa da gwiwa har ƙugu, mai zurfin da yaro zai iya sa yatsu uku a ciki. Muna yara mukan sa ɗin, shi kuwa yana dariya. Yana saurayi ɗan shekara goma sha bakwai ko kusa da haka, suna dawowa daga fadama da jirgi cike da dammunan shinkafa, shi da wansa, da almuru. Ba su lura ba suka ratsa tsakanin dorina da ɗanta. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san dorina ba ta cin nama, ciyawa take kiwo da dare, shi ya sa take addabar masu shinkafa, amma ya san kuma babu abin da ya kai mai jego faɗa a cikin gulbi. Ta ɗago jirgin daga ƙasa ta kife shi. Wansa ya yi iyo ya fita. Shi kuwa ta kama shi a cinya, ta nutsa da shi, ta ɗago, ta wurgar. Allah ya sa ruwa ya kai shi ga saiwar wani itace da ke bakin gaɓa, ya rungume ta har gari ya waye Sarkawa suka tsince shi. Ya yi wata huɗu a kwance ana yi masa maganin gida. Ran da ya fara taka ƙafa, dattawa suka ce yaro ya zama namiji, ya kamata a yi masa ɗaki. Kafin shinkafar baɗi ta nuna an ɗaura masa aure da wata yarinya 'yar shekara goma sha uku daga ƙetaren ruwa. Ita ce tsohuwar da ta ba ni tatsuniyar nan.

Kada mai karatu na birni ya ɗauka wannan labarin zamanin da ne kawai. A 2018 giwaye sun ɓullo a yankin Bagudo da Koko-Besse sun shiga gonakin mutane. A 2024 dorina ta kashe wani mai gadin gona a Yawuri, daga baya aka yi mata gayya aka kashe ta aka raba naman. Mu naman daji maƙwabcinmu ne, ba a littafi muka san shi ba.

Ashe ke nan tabo a wurinmu takardar shaida ce. Namijin da ba shi da tabo bai yi noma ba, bai yi su ba, bai gamu da komai ba balle ya tsira. Budurwar da ta ce sai marar tabo, mutumin da babu shi take nema, don haka wanda ya amsa kiranta ba mutum ba ne. Wannan dabara ta tatsuniyar ta burge ni ƙwarai, don ba ta tsaya ta yi wa'azi a kai ba, ta bar ƙuda ya yi ta shiga yana fita har mai sauraro ya gane da kansa. Hanyar girman ɗa namiji a adabinmu kuwa sananniya ce: ya gamu da dabba, ya fito da rai, a ba shi mata. Ko tarihin kafuwar ƙasar Hausa a kan wannan gwadabe aka ɗora shi, Bayajida ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Kakana bai kashe dorina ba, tsira kawai ya yi, amma ladan ɗaya ne.

To, ita macen fa? Nan ne na fara ganin gurguwar fassarata. Shi an gwada shi kafin a ce ya girma. Ita ba a gwada ta da komai ba, ita ce ma ladan gwajin. Ran da aka kai ta ɗaki, ran nan aka ce ta girma, ko da jiya tana wasan 'yar tsana. Shi ya gamu da dabbarsa kafin aure. Ita a tatsuniyar nan auren ne dabbar.

Da na sake sauraron muryar kakata da na ɗauka a waya, sai na lura da wani abu game da zubin labarin. Duka-duka ta yi minti goma sha ɗaya tana magana. Zuwan samari da korarsu bai kai minti uku ba. Komawar yarinya gida da aurenta na biyu, watau inda darasin biyayya yake, numfashi ɗaya ta yi masa ta wuce. Fiye da rabin lokacin a kan hanya ta kashe shi, daga ƙofar gidan su amarya zuwa kogon kada. Nan ta sassauta murya, nan ta yi ta maimaici, nan ta faɗi yadda amarya ke waiwaye ba ta hango rufin gidansu, da yadda hannun ango ke ƙara kaushi a cikin nata. Mai tarke ya kamata ya tsaya inda mai labari ya tsaya. Ni kuwa na tsallake wurin da ta daɗe, na je na kafa tuta a inda ta wuce da gudu.

Mu dubi wannan tafiya da kyau, mu ajiye ta kusa da kai amarya irin na ƙauye. Da dare ake yi, yarinya tana kuka, a lulluɓe, a kai ta gidan da ba ta sani ba, wani lokaci a ƙetare ruwa da ita. Mutumin da ya zo gaisuwa da babbar riga, wadda sau da yawa ta aro ce da gaske, gobe zai tuɓe ta ya mayar wa mai ita. Fara'ar da ya zo da ita wurin zance ma wani lokaci ta aro ce. Ƙanwar nan da ake kora tana dawowa, wace ce in ba 'yar zaman ɗaki ba, ƙaramar yarinyar da akan bar wa amarya don ta ɗebe mata kewa? Mata ne ke yin tatsuniya, tsofaffi, ga 'yan jikokinsu da dare, kuma kusan duk tsohuwar da ta taɓa faɗin wannan labari ta yi irin wannan tafiya tana yarinya.

Da na koma hutun tsakiyar zango na tambayi kakata, cikin wasan jika da kaka, ko ita ma kada aka ba ta. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kai Maigida, ba ka da kunya. Ni da anka kai ni ɗakin kakanka ban san shi ba, na dai ji ana faɗin yaron da dorina ta tauna. Da fitila ta haska cinyar nan tashi, sai na ce wanga shi na dodon da Inna ka faɗi. Kwana bakwai ina gudu gida ana maido ni." Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "Ita ta zaɓi marar tabo, ni mai tabo anka ba ni. Tsoron dai guda na."

Wannan magana ta rushe mini jigon da na ci maki da shi. In wadda ta yi biyayya da wadda ta yi ruwan ido duk tsoro ɗaya suka ji, ashe tatsuniyar baki biyu gare ta. Bakin sama yana ce wa yarinya ki bi iyayenki. Bakin ƙasa kuwa, wanda mata ke ji a tsakaninsu, yana cewa ga abin da za ki gani a hanya, ki riƙe ƙanwarki, ki san inda mai jirgi yake. Har yagewar dunduniyar nan ma, da na ɗauke ta horo ne. Yanzu ina ganin tatsuniyar ta ba yarinyar abin da al'ada ta hana ta, watau tabon kanta, shaidar cewa ita ma ta gamu da dabba ta fito.

Rubutaccen adabinmu bai yi saurin jin wannan baki na ƙasa ba. Littattafan gasar 1933 na maza ne, tafiye-tafiyensu da yaƙe-yaƙensu. Sai dai a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa akwai wani wuri da ya dace da zancenmu, inda mutum ya sace yaro ya shiga daji da shi, kura ta kashe ɓarawon, yaron ya tsira. Marubucin ya san wani lokaci abin tsoron ba shi ne mai ƙafa huɗu ba. Amma wadda ta ɗauki tatsuniyar budurwa ta juya ta ciki waje ita ce Balaraba Ramat Yakubu, a littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990. Ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana wajen shekara 13. Tauraruwar littafin, Abu, ba ta yi ruwan ido ba. An cire ta daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya yi boko ya ce ba ya auren jahila, uban ya ɗauke ta ya ba Sarkin Noma, wanda ya haife ta da nisa. Ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar asibiti. A nan iyaye ne suka zaɓo kadan da hannunsu, gwaggo ce ƙanwa mai ceto, makaranta ce jirgin Basarke. Abin da tsofaffi suka yi shekaru suna faɗa a kaikaice, Balaraba ta faɗe shi da rana tsaka, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Duk da haka ina da ƙorafi biyu a kan littafin, in an auna shi da ma'aunin Kende. Na farko, mugun miji yana sauƙaƙa wa mai karatu hukunci. Kowa zai tsine wa Sarkin Noma ya rufe littafi da zuciya fara. Kakana kuwa ba mugu ba ne, yaro ne mai ciwo a cinya da aka miƙa wa yarinya, suka zauna shekara hamsin da wani abu, ta yi masa takaba tana kuka na gaskiya. Amma ta gudu sau bakwai. Tatsuniyar ta fi littafin iya riƙe waɗannan abubuwa biyu a hannu ɗaya. Na biyu, ba kowace yarinyar ƙauye ke da gwaggo a Kano ba. Jirgin da ya ɗauki Abu ba ya tsayawa a kowace mashaya.

Akwai kuma wanda ba mu cika tsayawa a kansa ba in muna tattauna littafin a aji, watau saurayin da ya ƙi Abu. Shi ne mai ruwan idon wannan zamani, shi ne mai neman matar da ba ta da tabo, tabon kuwa a wurinsa rashin boko ne. Ina jin dalilin da ya sa muke wuce shi da sauri shi ne ya yi kama da mu. Mu nawa ne a wannan ƙungiya aka yi wa alkawari da wata a gida, muka zo jami'a muka fara jin nauyin ambatonta? Na bar wa kowa amsarsa.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da na gani dai shi ne ma'aunin girma ya rabu biyu har a takardun hukuma. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce ba a aure ƙasa da shekara 18. Tsarin Mulki na 1999 kuwa, a sashe na 29 inda ake maganar barin zama ɗan ƙasa, ya ce duk macen da ke da aure a ɗauke ta ta kai shekarun girma, kuma da aka so cire wannan a Majalisar Dattawa a 2013 sai da aka yi ta cacar baki, aka bar shi. Ɗaya yana ƙirga shekaru, ɗaya yana duban ɗaki, daidai yadda dattawan Kende suka duba. A garinmu ma abin ya sauya. Yau ba wanda ke jiran dorina ta tauna saurayi, babur ake tambaya ko takardar sakandare ko abin da ya kawo daga cin rani, tsadar lefe kuma ta sa samari suna kai shekara talatin babu ɗaki. Iyaye mata da yawa, waɗanda aka kai su ɗaki suna 'yan goma sha uku, su ne ke cewa a bar yarinya ta gama makaranta.

Sai kuma daji ya sake aiko da nasa. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai, waɗansu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Tun daga nan uban da ya ce ɗakin miji ya fi ɗakin kwanan makaranta aminci ba a iya ce masa jahili kai tsaye, tsoronsa na gaskiya ne. Tatsuniyar da na ɗauka ta tsufa sai ga ta ta dawo da sabon haƙori, kowane ɓangare kuma yana iya jan ta wajensa: mai son aurarwa ya ce ga dodo can a daji, mai son karatu ya ce ga kada nan da babbar riga.

Ina da ƙanwa 'yar shekara goma sha huɗu, tana aji uku na ƙaramar sakandare. A hutun nan an aiko da goro ana tambaya. Mahaifinmu ya tara mu ya ce shi dai hankalinsa ba ya kwanciya da maganar makarantar kwana. Ni da ke jami'a na yi ta kawo hujjoji, ban ga sun shiga ba. Kakata ce ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce wa ɗanta, "Kai ba a taɓa kai ka ba. Ni an kai ni." Ba ta ƙara ko kalma ba, shi ma bai amsa ba.

Da dare na kunna wa ƙanwar tawa muryar tatsuniyar, ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Yaya, ita ƙaramar da ta ceto ta, wa aka ba ta?" Na ce ban sani ba, mu tambayi mai labari. Tsohuwa ta ce ita ma haka ta ji ta, ba a faɗi ba. An dai ɗaga maganar goron zuwa bayan jarrabawa.